Tikitin wasan kiɗa da waƙa mai tsada: yaushe ya dace a kai yaro, kuma wace kujera za a saya?

Ga mai gaggawa, amsar ba ta da tsawo. Yaron da bai kai shekara shida ba, kada a saya masa tikiti mai tsada. Daga shekara bakwai zuwa sama ana iya saya, amma da sharuɗɗa, kuma sau tari kujerar da ta fi kowace tsada a zauren ba ita ce ta fi dacewa da idon yaro ba. Wasan da ake magana a kai shi ne wasan kwaikwayo na dandamali wanda ake jan labarinsa da waƙa da rawa, makaɗa suna zaune a wani rami gaban dandamalin suna kiɗa kai tsaye. Manyan cibiyoyinsa su ne Broadway a birnin Niyok, inda ake da gidajen wasa 41 kowanne mai kujera 500 ko fiye, da West End a Landan, sai kuma ayarin 'yan wasa da ke yawo da shi gari-gari a ƙasashe da dama.

Ma'aunin da na fi yarda da shi guda ɗaya ne. Kafin ku biya, ku tambayi kanku: idan yaron ya fara kuka ko ya ce shi gida zai tafi a hutun rabin lokaci, za mu iya tashi mu fita ba tare da ɓacin rai ba? In amsar a'a ce, to tikitin ya fi ƙarfin aljihun, ko da kuwa kuɗin suna nan a hannu. Uban da ya kashe abin da ke masa ciwo shi ne zai yi ta zungurar yaro yana raɗa masa "kalli mana, ka san nawa na biya?" Daga nan wasan ya zama horo, yaro kuwa abin da zai riƙe shi ne fuskar babansa a murtuke, ba abin da aka yi a dandamali ba. Batun cin bashi don tikiti kuwa ba ma abin tattaunawa ba ne.

Ya kamata a san abin da ke cikin kuɗin, domin kashi biyu ne, kuma ɗaya ne kawai yake amfanar yaro. Kashi na farko tsadar aikin ce ta gaskiya. Babban wasa yana ɗauke da 'yan wasa ashirin zuwa arba'in, ga makaɗa, ga masu fitila da masu sauti, ga masu sa kaya da gyaran gashi, ga masu tura kayan dandamali a bayan labule, kuma dukansu sai sun zo aiki sau takwas a mako. Tun 1966 masana tattalin arziki biyu, William Baumol da William Bowen, suka bayyana dalilin da ya sa wannan tsada ba ta sauka: masana'anta tana iya sayen inji ta rage ma'aikata, amma waƙar da aka rubuta wa mutum talatin har gobe mutum talatin take buƙata, albashinsu kuma yana hawa tare da na kowa. Shi ya sa mafi yawan sababbin wasannin Broadway ba sa ma mayar da jarin da aka zuba musu. Wannan kashin, wanda ke kujera mafi araha ma ya ci moriyarsa, tunda makaɗan da 'yan wasan duk ɗaya ne.

Kashi na biyu kuɗin rububi ne: ranar da kowa ke so, layin da kowa ke so, sunan tauraron da ke jikin allo. A 2001 masu wasan The Producers suka fara ware kujerun tsakiya suna sayar da su kusan ninki biyar na tikiti mafi tsada na yau da kullum, da hujjar cewa gara su ci ribar da 'yan kasuwar bayan fage ke ci. Sauran gidaje suka bi sahu. Yau farashi yana hawa yana sauka kamar na tikitin jirgin sama, kujera ɗaya tak tana iya ninkawa tsakanin daren Talata a lokacin karatu da yammacin Asabar a lokacin hutu. Yaro ɗan shekara takwas ba ruwansa da sunan tauraro. Ko an sa madadinsa a ranar, wanda hakan yana faruwa, shi ba zai lura ba. Duk abin da aka biya a wannan kashin, babba ne ya biya wa kansa.

Batun shekaru

Gidajen wasan da kansu suna faɗin shekarun da suka dace, kuma ba don ƙeta suke yi ba. The Lion King, wanda aka buɗe a Broadway a 1997 sannan a gidan Lyceum na Landan a 1999, an ba da shawarar shekara shida zuwa sama, kuma a Landan ba a barin ɗan ƙasa da shekara uku ya shiga ko da an saya masa tikiti. Wicked a Niyok shekara takwas suka ce, ƙasa da biyar ba shiga. Kowane rai sai da tikitinsa, babu zancen "ai a cinya zan riƙe shi". Iyaye da yawa sukan karanta ƙaramar lambar, wato shekarun da ake bari a shiga, su manta da babbar. Ƙaramar lambar dokar ƙofa ce kawai. Babbar ita ce ke gaya muku wanda zai iya zama.

Zaman ne matsalar. Irin waɗannan wasanni suna ɗaukar awa biyu da rabi zuwa awa uku saura kwata, har da hutun minti 15 ko 20 a tsakiya. Kashin farko shi ya fi tsawo, yakan wuce awa ɗaya, a wasu ma ya kai awa ɗaya da rabi. Wato ana so yaro ya zauna wuri ɗaya cikin duhu, ba magana, ba tashi, ba waya, na tsawon da ya ninka darasi guda na aji. Ɗan shekara huɗu zai buɗe baki yana kallo minti ashirin na farko, daga nan sai ya fara shurin bayan kujerar gabansa, sai tambaya da ƙarfi, sai fitsari. Ba rashin tarbiyya ba ne, iyakar ƙarfinsa ke nan.

Akwai kuma hujjar da aka fi kafawa, wai ana saya masa abin tunawa ne har girmansa. Wannan hujja ba ta tsayawa ga ƙananan yara. Patricia Bauer ta jami'ar Emory a Amurka ta bi diddigin yara tana tambayarsu abubuwan da suka faru suna 'yan shekara uku. Waɗanda aka tambaya suna shekara biyar zuwa bakwai sun tuna fiye da kashi 60 cikin ɗari, waɗanda aka tambaya suna takwas da tara kuwa ba su kai kashi 40 ba. Abin da ɗan shekara uku ko huɗu ya gani yana iya faranta masa rai a ranar, kuma wannan ma ba abin rainawa ba ne, amma farin cikin yini guda ana samunsa a wasan 'yar tsana na minti 45 da ɗan kuɗi kaɗan. In abin tunawa ake nema, a jira ya kai bakwai ko takwas. Manyan wasannin nan ba guduwa za su yi ba, wanda ya yi shekara ashirin yana gudana zai jira yaronku shekara uku.

Shin wasan dandamali yana ƙara wa yaro wani abu da allon talabijin ba ya ba shi? Akwai shaida mai kyau cewa yana yi. Jay Greene da abokan aikinsa a jami'ar Arkansas sun raba tikiti ga azuzuwan makarantu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka je kallo wasu ba su je ba, aka gwada su daga baya. Waɗanda suka je sun fi riƙe labarin da kalmominsa, kuma sun fi nuna haƙuri da ra'ayin da ya saɓa da nasu. Da aka kai wasu azuzuwan kallon fim mai irin labarin, ba a ga wannan amfanin ba. Amma a lura da abu biyu. Ɗaliban ba 'yan rainon yara ba ne, sun yi wayo. Sannan wasannin ba a Broadway aka yi su ba, a gidajen wasa ne na yankinsu. Amfanin yana cikin ganin mutum mai rai yana wasa a gabanka, ba a cikin tsadar kujera ba.

Don haka kafin babban tikiti a yi gwaji mai araha. Mataki na farko a gida: a sa fim mai tsawon awa ɗaya da rabi, a kashe fitila, a ajiye wayoyi, kada a tsayar da shi ko sau ɗaya. In ya kai ƙarshe yana zaune, an wuce na farko. Na biyu, a kai shi ƙaramin wasa na gaske, na makaranta ko na ƙungiyar masu sha'awa. Kamfanonin da ke ba da izinin wasanni suna da gajerun sigogi na awa ɗaya, har da na minti 30, waɗanda aka tsara don yara su yi da kansu. A nan za ku ga yadda yake yi idan fitila ta mutu farat ɗaya, idan ganga ta buga da ƙarfi, idan mugun da ke cikin labarin ya fito yana tsawa. Wasu yaran da ke zama lafiya gaban talabijin sukan firgita da duhun zaure da tafin mutum dubu. Gara a gano haka a inda asarar ba ta da yawa.

Kujera

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi, nan ne kuma ya kamata a daɗe. An gina zauren wasa ne da awon babban mutum. Idon ɗan shekara shida a zaune yana ƙasa da na babba da kimanin santimita 20 ko fiye. Matashin kujera na ƙarin tsawo da gidajen ke bayarwa yana cike kamar rabin wannan ne, kuma ba shi da yawa. A wasan rana na ranar hutu, inda rabin zauren yara ne, yakan ƙare tun kafin a cika. Wasu gidajen kyauta suke bayarwa, wasu da ɗan kuɗi. Ban da tsawo, yana da wani aikin: kujerun naɗewa suke yi, yaro marar nauyi in ya jingina sai kujerar ta nemi haɗiye shi, gwiwa ta haɗu da ƙirji. Matashin yana danne ta.

Kujerun ƙasa na tsakiya, daga layi na biyar zuwa na goma sha biyu ko makamancin haka, su ne ake sa wa farashi mafi girma. A tsofaffin gidaje da yawa daɓen wannan wurin kusan a shimfiɗe yake, gangarensa kaɗan ne. Babba yana hango dandamali ta saman kafaɗar na gabansa, yaro kuwa ƙeyar mutum zai yi ta kallo. Ga kuɗi an zuba, ga yaro yana leƙe ta tsakanin kawuna. Layin farko da na biyu kuma matsalarsu daban: dandamalin ya fi kan yaro tsawo, sai ya ɗaga wuya, ba ya ganin ƙafafun masu rawa, kuma manyan lasifikoki suna daf da shi ta gefe. Can bayan ƙasa, rufin bene yana sauko wa mutum a ka ya yanke saman dandamali. In a wasan akwai wanda zai tashi sama ko wani abu da zai sauko daga rufi, to daidai lokacin da zaure ya ɗauki sowa, na wannan wurin ƙafafu kawai suke gani.

Abin da ya fi dacewa da yaro, a ganina, shi ne bene na farko, layi na biyu zuwa na huɗu, kusa da tsakiya. Gangaren bene yana da tsayi, kowane layi ya ɗara na gabansa sosai, kan babba ba ya tare shi. Yana ganin dandamalin gaba ɗaya, har da zanen da fitila ke yi a ƙasa da yadda masu rawa ke jeruwa. Na ce layi na biyu ne da gangan. A layin farko na bene akwai ƙarfen tsaro ko katanga, wanda babba ke kallo ta samansa, amma yakan faɗo daidai saitin idon yaro, sai ya yi ta miƙewa ko ya kwanta a kan ƙarfen, ma'aikata su zo su yi magana. Kuma abin mamaki layin farkon ya fi na biyu tsada.

Bene na can ƙololuwa shi ne mafi araha, kuma ba laifi ga ɗan shekara goma sha biyu da ya san labarin. Ga ƙaramin yaro kuwa nisa ya yi yawa. Yara da fuska suke bin labari, in ba su ga wanda ke murmushi da wanda ke kuka ba, zaren ya tsinke musu. A gida mai kujera kusan dubu biyu, irin Lyceum na Landan ko Gershwin na Niyok, 'yan wasa daga can sama ba su fi tsawon yatsa ba. Matakalar ma tana da tsayi ƙwarai, mai jin jiri zai sha wuya. Ɗakunan gefe masu kama da na sarauta kuwa kyan gani ne kawai daga waje, wanda ke ciki yana rasa kusurwa guda ta dandamali.

Akwai wasan da ke sauya wannan lissafin. A buɗewar The Lion King, 'yan wasa sanye da siffofin dabbobi suna ratsowa ta hanyoyin da ke tsakanin kujerun ƙasa zuwa dandamali, giwa ta wuce daf da kafaɗar wanda ke bakin hanya. Ga wannan wasan kujerar bakin hanya a ƙasa ta cancanci kuɗinta, ko da ba a layin gaba take ba. Bakin hanya yana da wasu fa'idodin ma a kowane wasa: yaro yana iya karkata ya kalli dandamali ta sararin hanyar ba kai a gabansa, kuma in fita ta kama ba sai an tayar da mutum goma sha biyu ba. Yaron ake ba kujerar bakin, babba ya zauna ta ciki.

Akwai shafukan intanet da 'yan kallo ke ɗora hoton abin da ake gani daga kowace kujera. Suna da amfani, amma a tuna manya ne suka ɗauka, wasu ma sun ɗaga wayar sama. In an rubuta a tikiti cewa ganin kujerar ba cikakke ba ne, a nemi sanin me ke tarewa. Ginshiƙi siriri da ke ɓoye gefe guda ana iya haƙuri da shi don rangwame, ƙarfen da ke gaban ido kuwa a'a.

Hanyoyin rage kuɗi suna nan, sai dai ba duka ne ke yi wa mai iyali aiki ba. Rumfar TKTS da aka buɗe a dandalin Times Square na Niyok a 1973, da takwararta ta Leicester Square a Landan tun 1980, suna sayar da tikitin ranar da rangwamen da kan kai rabi. Amma wasannin yara da suka fi farin jini ba safai suke bayyana a can ba tunda suna cika da kansu, kuma samun kujera huɗu a jere sai an yi sa'a. Ƙuri'ar tikiti mai araha, wadda yanzu ta koma waya, tikiti biyu kawai take ba wanda ya ci, ba kuma shi ke zaɓen kujera ba, yawanci layin farko ne ko gefe. Wannan na matashi ne da abokinsa, ba na uwa da 'ya'ya uku ba. Waɗanda aka yi domin iyali su ne irin shirin Kids Week na Landan, wanda aka fara a 1998: lokacin hutun bazara yaro ɗaya yana shiga kyauta tare da babban da ya biya cikakken kuɗi, ana kuma iya ƙara yara biyu a rabin farashi. Tikitin yakan fito makonni kafin lokacin, na manyan wasanni kuma ya ƙare cikin gaggawa. Broadway ma tana da irin nata daren na yara. Bayan waɗannan, rangwamen da ya fi tabbas shi ne zaɓen rana: tsakiyar mako, lokacin da makarantu ke karatu, a saya da wuri.

Wata dabarar da mutane ba su cika so ba amma tana aiki ita ce kada a tafi duka gida. Babba ɗaya, yaro ɗaya, wanda shekarunsa suka kai. Tikiti biyu masu kyau sun fi biyar na can ƙololuwa, ƙaramin ƙane bai ɓata wa kowa kallo ba, shi kuma ya san nasa lokacin na zuwa. In dole sai an tafi mutum huɗu, a nemi biyu-biyu a wurare daban, sun fi sauƙin samu kuma sau da yawa sun fi araha.

A saya daga shafin gidan wasan ko dillalin da shi ya ambata. In aka rubuta sunan wasa a manhajar bincike, sakamakon da ke fitowa a sama galibi talla ne na masu sake sayarwa, shafinsu ya yi kama da na asali, farashinsu ya ɗara, wani lokaci ma tikitin bai wanzu ba. A duba jimillar ƙarshe kafin a biya, domin ana ɗora kuɗin hidima a kan kowane tikiti. A kuma lissafa abin da ke biyo baya: mota, littafin shirin wasa, abin sha a lokacin hutu, da teburin kayan tsaraba da aka girke daidai inda kowane yaro zai bi ya wuce. A yanke magana kan wannan teburin tun daga gida, abu ɗaya ko babu.

Kada waƙa da launi su ruɗe ku, ba kowane wasan kiɗa ne na yara ba. Avenue Q da 'yan tsana ake yin sa, masu kama da na shirin yara a talabijin, amma zancensa na manya ne tsantsa. Into the Woods tatsuniyoyin yara ya harhaɗa, kashin farko ya ƙare lafiya, kashi na biyu kuwa mutuwa ce da cin amanar aure, har sigar da aka yi wa makarantu ta yanke shi gaba ɗaya. Ko a wasannin yara na ainihi akwai wurin da ke girgiza su. Mutuwar uban zaki a The Lion King, da mutum mai rai kwance a dandamali da ɗansa yana girgiza shi, ta fi ta zanen fim nauyi nesa ba kusa ba. A karanta labarin wasan daga farko har ƙarshe kafin a saya, a duba gargaɗin da gidan ya rubuta kan walƙiyar fitila, hayaƙi da ƙarar bindiga.

Bayan an saya, shirin mako biyu kafin ranar shi ne ke fitar da kuɗin. A sa waƙoƙin wasan a gida da cikin mota har yaro ya haddace uku ko huɗu. Kalmomin waƙa a zaure suna da wuyar kamawa ko ga babba, balle in da sauri ake rera su ko kuma ba da harshen da yaron ya fi ƙwarewa a kai ba ne. A ba shi labarin dukansa, har da wanda zai mutu da yadda za a ƙare. Manya ne ke gudun a ɓata musu ƙarshen labari, yara kuwa sun fi jin daɗin abin da suka riga suka sani, za ku ga yana gyara zama in aka fara kiɗan da ya gane. A gaya masa dokokin tun a gida: za a kashe fitila, ba a magana sai raɗa a kunne, ba a bin waƙa da baki, ana tafi bayan kowace waƙa. Yaron da ƙara ke damunsa a tafi masa da abin toshe kunne na yara, yana rage ƙarfin ba tare da ya hana shi ji ba. In kuma yana da larurar galahanga ko wata da ke hana shi zama shiru, akwai ranakun da ake ware wa irinsu, a rage ƙara, a bar fitilar zaure da ɗan haske, a bar kowa ya shiga ya fita. Ƙungiyar TDF, mai tallafa wa wasannin dandamali a Niyok, ce ta fara shirya irin wannan a Broadway a watan Oktoban 2011, yanzu gidaje da yawa suna yi, sai dai sau ɗaya ko biyu ne a shekara, sai an sa ido.

Wasan rana za a zaɓa, wanda ake farawa wajen ƙarfe biyu. Na dare yana farawa bakwai ko bakwai da rabi ya tashi wajen goma, yaron da ya saba barci ƙarfe takwas da rabi zai yi kashi na biyu ne a mafarki. A isa minti 45 kafin lokaci, saboda binciken jaka, da matashin kujera, da banɗaki. Makara tana da tsada a nan: in an fara, masu tsaron ƙofa suna tsayar da mutum sai an kai wata gaɓa da aka amince, wani lokaci bayan minti goma ko fiye, kuma buɗewar wasa sau da yawa ita ce abin da aka kashe wa kuɗi mafi yawa. A hutun rabin lokaci a tashi da zarar labule ya fara sauka. Gidajen nan da yawa sun haura shekara ɗari, banɗakunansu kaɗan ne, layin na mata yakan cinye hutun duka. In an dawo da sauran lokaci, a gangara da yaro gaban dandamali ya leƙa ramin makaɗa. Ba a hanawa a yawancin gidaje, kuma yara da yawa sai a nan suke yarda cewa kiɗan da suke ji mutane ne ke yin sa a lokacin.

Wanda tikiti mai tsada ya fi cancanta, in za a faɗi gaskiya, shi ne ɗan shekara goma zuwa goma sha shida da ya riga ya kamu da abin: yana koyon kiɗa, ko yana cikin 'yan wasan makaranta, ko ya haddace waƙoƙin wasan da kansa ba wanda ya sa shi. Shi kam a matso da shi kusa. Zai lura da yadda mawaƙiya ke ɗaukar numfashi kafin doguwar murya, da ɗan makirufon da aka ɓoye a goshinta ƙarƙashin gashi, da yadda madugun makaɗa ke jiran ta kafin ya sauke hannu. Irin wannan ganin ba a samunsa daga bene na uku, ba a kuma samunsa a bidiyo tunda can kyamara ce ke zaɓa wa mutum inda zai kalla. Ga yaron da shi bai nema ba, iyaye ne ke sha'awa, kuɗin tikiti ɗaya na alfarma gara a raba shi uku a kai shi matsakaitan wasanni uku cikin shekara, a ga wanne zai dawo gida yana rerawa.

Sai abu na ƙarshe da ya kamata a duba kafin a danna biya, wato ƙa'idar canji. Kusan duk gidajen ba sa mayar da kuɗi, yara kuma ba sa sanar da ranar da zazzaɓi zai kama su. Wasu gidajen suna yarda a sauya rana in an sanar awa 24 ko 48 kafin wasan, da ɗan kuɗin hidima, amma ga wanda ya saya kai tsaye daga wurinsu kawai. Tikitin rangwame da na masu sake sayarwa yawanci ba ya canzuwa. Inshorar da ake tallatawa a shafin biya kuma tana iya neman takardar likita kafin ta biya, don haka a karanta sharuɗɗanta kafin a ƙara ta. In tazarar sayen da ranar wasan wata uku ce ko fiye, tikitin da ake iya canzawa ya fi wanda ya ɗan fi shi araha amma a kulle yake.